Muhawara: Me ke kashe mutane a Borno da Diffa bayan harbi ya lafa?

Baban Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da wani lissafi a 2021 kan rikicin Boko Haram a Borno da Yobe da Adamawa. Ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya ci rayuka kusan 350,000, amma waɗanda makami ya kashe kai tsaye wajen 35,000 ne. Sauran duk yunwa da cuta da rashin magani ne suka ɗauke su, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A wannan zaure muna da masu rigakafi, da ungozomomi, da masu aikin ruwa, da masu haɗa magani. Don Allah kowa ya faɗa mana ta ɓangarensa: me ke fara lalacewa idan gari ya shiga wannan hali, kuma me ake iya yi kafin ya lalace? Ba labarin jarida muke so ba, bayanin aiki muke so.

Malam Mai Rigakafi:
Wa alaikumus salam Baban Iman. Ta ɓangarenmu sanyi ne ke fara tafiya. Allurar rigakafi tana so ta zauna tsakanin digiri 2 da 8 tun daga ɗakin sanyi na jiha har zuwa cinyar yaro. A hanya tana bi ta firjin ƙaramar hukuma, da firjin asibitin gunduma, da akwatin sanyi, da 'yar jakar da ake ratayawa a shiga ƙauye. Mataki ɗaya ya karye, abin da ke cikin kwalbar ya zama ruwa kawai, kuma ido ba ya ganewa.

A ƙarshen 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin cibiyoyin lafiya 743 na Borno, kashi 35 cikin ɗari an rushe su ƙurmus, kashi 29 kuma sun taɓu. Amma ko ginin da ya tsira, abu na farko da ake kwashewa shi ne faifan sola da batir. Shi ya sa firjin sola marar batir ya fi dacewa da irin waɗannan wurare. Yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa da rana, sanyin ya riƙe shi cikin dare har da kwanakin hadari. Sai dai faifan na buƙatar shara, domin ƙurar hunturu kaɗai tana rage masa ƙarfi ƙwarai, kuma idan mai kula da shi ya gudu babu mai hawa rufi da tsumma.

Kowace kwalba tana da ɗan tambari: da'ira mai duhu, da murabba'i mai haske a tsakiya. Muddin murabba'in ya fi da'irar haske, ana amfani da ita. Ranar da launinsu ya zo ɗaya, ko na ciki ya fi duhu, a jefar, ko da ranar ƙarewar aikinta ba ta yi ba. Maganin shan-inna na ɗigawa a baki shi ya fi saurin lalacewa da zafi. Ta ƙyanda da ta tarin fuka da ta shawara kuma, da zarar an haɗa garin da ruwansa, awa shida ne iyaka. Wannan awa shida ita shingayen bincike ke cinyewa. Ma'aikaci ya buɗe kwalba mai ɗaukar yara goma, ya yi wa uku, aka ce a watse, sauran bakwai sun tafi.

Maman Hanifa:
Malam, ni na ɗauka idan babu wuta sai a ƙara ƙanƙara a akwatin ya fi. Ba haka ba ne?

Malam Mai Rigakafi:
A'a Hajiya, nan ne ake ɓarnar da ba a gani. Allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, da ta ciwon hanta, da ta tsinkau-tsinkau da ake yi wa masu ciki, da ta ciwon huhu, daskarewa ke kashe su, kuma tambarin jikin kwalba ba ya nuna daskarewa, zafi kawai yake nunawa. Idan aka ciro kwalin ƙanƙara daga firiza, sai an ajiye shi a waje har ya fara gumi, in ka girgiza ka ji ruwa na motsi a ciki, sannan a jera huɗu a jikin jakar. Wanda ke sauri domin ayarin motoci zai tashi ƙarfe bakwai shi ne ke tsallake wannan mataki.

In ana shakkar ko wata kwalba ta daskare, sai a ɗauki irinta daga kamfani ɗaya a daskarar da ita da gangan, a bari ta narke, a girgiza su tare, a ajiye gefe da gefe. Idan wadda ake zargi ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar, ta lalace.

Ga abin da wannan duka ke haifarwa. Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga shan-inna na asali ba, wato wanda ba daga ƙwayar rigakafi ya fito ba, daga Yulin 2014. Sai a Agustan 2016 aka same shi a yara biyu, a Jere da Gwoza, daga baya kuma a Monguno. Da aka binciki ƙwayar, aka ga danginta na Borno ne tun 2011. Wato shekara biyar tana yawo a wuraren da babu mai shiga ya ga yaron da ƙafarsa ta saki, balle ya ɗauki bayan gidansa sau biyu cikin kwana 14 ya kai gwaji cikin sanyi. Rashin rahoto daga wuri ba lafiya ba ce.

Sista Ungozoma:
Malam ya yi maganar awa shida, mu namu awa biyu ne. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Naƙuda kuwa ba ta san dokar hana fita ba, yawanci ma cikin dare take zuwa. A garuruwan da aka zagaye da rami aka bar ƙofa ɗaya ko biyu, in an rufe da yamma sai gari ya waye. Macen da ke wajen ramin ta haihu a hannun wanda Allah ya kawo.

Allurar oksitosin, wadda ake yi cikin minti ɗaya bayan fitowar jariri don mahaifa ta tsuke, ita ma firji take so. Wadda ta yi watanni a aljihun tebur cikin zafin Monguno ko Damasak, za ka yi ta ka ga kamar ba ka yi ba, sai a riƙa ninkawa ana zato jikin matar ne. Inda babu firji, ƙwayar misoprostol ce mafita: guda uku masu maikirogiram 200, a sha nan take bayan jariri ya fito. Amma a ji wannan da kyau. Sai an shafa ciki an tabbatar babu na biyu a ciki. Kuma haramun ne a ba mace ita don naƙuda ta yi sauri, mahaifa na fashewa, a rasa uwa da ɗa. Ana yin wannan kuskure sosai inda ƙwayar ta shiga hannun masu kemis. Ita kuma laima ce maƙiyinta, don haka kar a ɓare ta daga takardarta ta azurfa sai lokacin sha.

Na biyu jijjiga. Alamunta ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a saman ciki ta dama. Maganinta magnesiyam salfet, ba ya buƙatar firji kuma ba shi da tsada. Matsalar ita ce hannun da ya iya yin sa: giram 4 a jijiya a hankali, giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan a riƙa duba numfashi da fitsari da motsin gwiwa kafin a ƙara. Ma'aikaciyar da ta iya wannan ita ce ta farko da iyayenta ke cewa ta dawo Maiduguri, kuma ba wanda zai ga laifinsu.

Na uku doguwar naƙuda. Wannan ba ta da ƙwaya, tiyata take so, da jini, da wuta. Macen da ta kwana biyu kan yaro ya toshe hanya, ko ta rayu, sau da yawa yaron ya tafi ita kuma ta fito da yoyon fitsari. Shawarar da ta fi aiki ita ce wadda ba ta da daɗin ji: mai cikin fari 'yar ƙarama, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da mai tagwaye, da wadda jininta ya hau, su koma garin da ke da ɗakin tiyata tun cikin wata na tara, su zauna gidan dangi. Kar a jira naƙuda.

Ɗan Komadugu:
Sista, Allah ya saka da alheri. Ina so in ƙara abin da ya hana matar nan isa asibiti, domin a Diffa ba mahara kaɗai suka tsayar da ita ba, har da dokokin da aka kafa don yaƙarsu. Da aka ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2015, an hana hawan babur a jihar, aka hana cinikin kifi da tattasai saboda an ce maharan na karɓar haraji a kai, aka taƙaita takin yuriya saboda ana haɗa bam da shi, aka taƙaita man fetur. A watan Mayu kuma aka ce mutanen tsibiran Tafkin Chadi su tashi cikin 'yan kwanaki, dubbai suka tako da ƙafa zuwa N'Guigmi da Bosso cikin zafin bazara.

Ku duba abin da kowace doka ta taɓa. Babur shi ne motar asibitin ƙauye, shi ke kai mai naƙuda, shi ke kai jakar rigakafi. Tattasan bakin kogin Komadugu da bandar kifi su ne kuɗin da magidanci ke sayen gero da magani. Fetur shi ke juya injin ban-ruwa. An cire su lokaci ɗaya. Mutumin da a da yake ɗaukar 'yan ƙwadago a gonarsa ya koma layin karɓar abinci a bakin babban titin Nijar mai lamba ɗaya. An sassauta wasu dokokin daga baya, amma jarin da ya narke bai dawo ba.

Ta ɓangaren Najeriya ma haka. Kasuwar kifin Baga ta durƙushe, an hana shuka dogayen amfani irin dawa da masara kusa da wasu garuruwa da hanyoyi don kar a ɓuya a ciki, noma ya tsaya 'yan kilomitoci daga rami. Wanda ya wuce nan ya sayi rai da rai. Manoman shinkafar Zabarmari da aka yanka a Koshobe ranar 28 ga Nuwamba 2020, girbi suka je. Itacen girki ma haka, mata da 'yan mata ke fita nemansa, kuma a can ake sace su ko a ci zarafinsu.

Sista Ungozoma:
Tunda ka taɓo wannan, bari in faɗa don mata su isar wa mata. Wadda aka yi wa fyaɗe tana da awa 72 ta fara shan maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki, ana shansa kwana 28. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa har awa 120, amma da wuri ya fi. Ba sai da takardar 'yan sanda ba. Kunya da jiran "a fara gaya wa babanta" su ke cinye kwana ukun.

Likitan Yara:
Abin da Ɗan Komadugu ya bayyana, bayan wata uku zuwa shida yake iso mana a ɗakin tamowa. A Yunin 2016 da ƙungiyar likitoci ta MSF ta samu shiga Bama, ta tarar da mutum kusan 24,000 a harabar asibiti, ta ƙirga kaburbura fiye da 1,200 a gefen sansanin. Wancan shi ne ƙarshen abin, amma yana farawa ne a hankali, kuma uwa na iya gano shi da tsirin awo.

Ana auna tsakiyar damtsen hagu na yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sai a danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa, a ƙirga uku. In rami ya zauna a duka biyun, wannan kumburi ne na tamowa ko da yaron ya yi kama da mai ƙiba. Iyaye mata da aka koya wa wannan suna kawo yara da wuri fiye da jiran ma'aikaci, kuma tsirin ba ya buƙatar wuta ko hanya.

Yaron da ke iya ci, kuma ba shi da wata cuta a kai, a gida ake jinyarsa da abincin gyaɗar nan na leda. Kowace leda giram 92 ce, kuzarinta kilokalori 500, katan ɗaya leda 150, kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata na sati shida zuwa takwas. Ana haɗa masa da amoksisilin. Abin da ke ɓata aikin a fili yake: gidan da kowa ke jin yunwa ba za a hana yayyensa lasa ba, wani lokacin ma a kai kasuwa a sayo masara. In ba a ba gidan abinci ba, yaron ba ya tashi, sai a rubuta "bai warke ba" alhali rabin maganin ya sha.

Wanda ya ƙi ci, ko yake amai, ko numfashinsa ke sauri, ko ya yi laushi, kwanciya ce. A nan ne masu kyakkyawar niyya ke kashe yara. Jikin da ya daɗe cikin yunwa zuciyarsa ta raunana. In ka ɗura masa ƙarin ruwa a jijiya yadda ake yi wa yaro mai ƙarfi, ruwan ya taru a huhu. In ka cika shi da abinci mai nauyi rana ɗaya, gishirin jininsa ya rikice. Shi ya sa ake farawa da madarar jinyar tamowa mai suna F-75, kaɗan-kaɗan duk awa biyu ko uku, dare da rana, kuma ba a ba da maganin ƙarin jini a kwanakin farko. Yawancin mutuwar tsakanin tsakar dare da asuba take faruwa, saboda sukarin jini ya faɗi ko jiki ya yi sanyi. Wato ciyarwar ƙarfe biyu da ta ƙarfe huɗu na dare ita ce rai. Asibitin da ma'aikatansa ke barinsa kafin magariba saboda tsaro, ba shi da ɗakin tamowa ko da an rubuta a allo.

Kuma duk sansanin da mutane suka taru sabo, kafin komai a yi rigakafin ƙyanda daga ɗan wata 6 har ƙasa da shekara 15, tare da bitamin A. Wanda aka yi wa kafin wata 9 sai an sake masa. Ƙyanda a jikin yaro mai tamowa tana makantarwa, tana kisa.

Injiniyan Ruwa:
Likita, ka ce kafin komai ƙyanda, ni kuma zan ce tare da masai. Ma'aunin da ake bi a sansani shi ne lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, masai ɗaya ga mutum 20, kuma ramin ya yi nisan mita 30 daga rijiya. Garin da ke da mutum dubu talatin ya wayi gari da dubu ɗari, burtsatsen nan dai su ne. Famfon hannu an yi shi don mutum 500, in dubu biyu suka hau shi, roba da sandar ciki ba sa kai wata biyu, kayan gyara kuma suna Maiduguri, sai ayari ya tashi.

A Agustan 2017 kwalara ta ɓarke a sansanin Muna Garage da ke bakin Maiduguri, ta kai Dikwa da Monguno. A shekarar dai ciwon hanta nau'in E ya kama Diffa, kuma masu ciki ya fi kashewa. Duka biyun daga ruwan da bayan gida ya taɓa suke. Sau da yawa ruwan na fitowa da tsabta daga burtsatse, a jarka da randa yake gurɓata, ta hannu da moɗa. Shi ya sa ake sa mutum a bakin famfo yana ɗiga sinadarin kilorin a kowace jarka, a jira minti 30, a auna a ga saura miligiram 0.5 a lita. In ruwan ya yi dauɗa sai an bari ya kwanta an tace, domin laka na cinye sinadarin.

A wurin jinyar kwalara ruwan kilorin kala uku ne, kuma ana yawan rikita su: kashi 0.05 cikin ɗari na wanke hannu, 0.2 na ƙasa da gado da tufafi, kashi 2 na amai da zawo da gawa. A rubuta a jikin kowane bokiti da manyan baƙaƙe. Wankan gawar mai kwalara da abincin zaman makoki suna daga manyan hanyoyin yaɗuwarta, don haka a shigo da liman cikin maganar tun ranar farko.

Kwalara da magani ba ta kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari. Ruwan gishiri da sukari leda ɗaya a lita ɗaya. In babu, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. A fara ba shi tun a gida, a ci gaba a hanya. Babban da ya galabaita yana iya shan lita takwas zuwa goma na ƙarin ruwa a jijiya. Ku lissafa nauyin wannan ga mutum ɗari, za ku ga dalilin da ya sa dole a kai kayan kafin damina. Hanyar Rann da ta Ngala in ruwa ya sauka sai jirgi mai saukar ungulu.

Abu Ammar:
Duk na ji, amma ina ganin muna kewaye maganar. Ba tare da soja ba, babu ɗayan waɗannan da zai isa ko'ina. Shan-innan da Malam ya ambata, ai da rakiyar soja da 'yan kato-da-gora aka shiga ƙauyukan, wasu wuraren ma sojojin da kansu aka koya wa ɗiga maganin. Da haka aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan-inna na asali ranar 25 ga Agusta 2020. Ƙungiyoyin da ke ƙin rakiya suna wasa da rayukan ma'aikatansu ne.

Likitan Yara:
Abu Ammar, gaskiya ne an yi hakan, kuma ya yi amfani. Amma ɗiga maganin baki aikin minti ɗaya ne, a shiga a fita. Tamowa sati takwas take so, awon ciki wata-wata, tarin fuka wata shida. Ba a yin su da shiga-a-fita. Kuma duk ranar da aka ga ma'aikacin lafiya a motar soja, a idon ɗaya ɓangaren ya zama soja, shi da duk mai irin rigarsa. Ayarin soja shi ake dasa wa nakiya. Wannan ne dalilin da Red Cross da MSF ke guje wa rakiyar makami.

Abu Ammar:
To Red Cross ɗin ta tsira? Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman ungozomomi ne da ke aiki da ita. An sace su a Rann ranar 1 ga Maris 2018, aka kashe ɗaya a Satumba, ɗaya a Oktoba. Allah ya jiƙansu. Waɗannan mutane ba su san wani tambari ba. Tun Fabrairun 2013 aka harbe masu rigakafi tara a Kano.

Likitan Yara:
Amin. Ba ta tsira ba, kuma ban ce tambari sulke ne ba. Amma ka tuna a Rann ɗin dai, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin sojan sama ne ya jefa bam a sansanin bisa kuskure, ma'aikatan Red Cross ta Najeriya na cikin mamatan. A Satumban 2019 kuma soja suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji na Action Against Hunger da Mercy Corps na wani lokaci bisa zargin taimakon mahara. Ma'aikacin lafiya yana tsakanin wuta biyu. In ya yi wa wanda aka harba ɗinki, wannan ɓangare ya tuhume shi, in ya ƙi, wancan ya neme shi, alhali yarjejeniyar Geneva ta 1949 da ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2286 na 2016 duk sun ce jinyar mai rauni ba laifi ba ce, ko shi wane ne.

Malam Mai Rigakafi:
Ku biyun kuna da gaskiya, amma akwai hanya ta uku da ta fi duka biyun kawo yara: a tsaya inda mutane ke fitowa da kansu. Bakin kasuwa, tashar mota, mashigar gari, wurin tantance sababbin zuwa. Duk yaron da ya fito daga daji a ɗiga masa, a yi masa ta ƙyanda, a auna damtsensa a wurin, kafin ya shiga cikin jama'a. Sannan a samu mutanen da ke shiga da fita don harkarsu, masunta da masu itace da makiyaya, su riƙa kawo labarin yaron da ƙafarsa ta saki. Sharaɗin ɗaya ne: kar a taɓa tambayarsu labarin tsaro. Ranar da aka haɗa biyun, an kashe su an kashe aikin.

Baban Iman:
Mutanen Zamfara da Katsina, shiru muka ji. Naku daban ne?

Hajiya Ta Gusau:
Baban Iman, cutar ɗaya ce, sai dai mu ba mu da sansanoni da jiragen agaji irin na Borno. Wanda aka kora daga ƙauye yana raɓewa ne a kango ko makaranta ko gidan dangi, ba ya cikin lissafin kowa. Wasu kuma Maraɗi suka tsallaka tun 2019. 'Yan bindiga suna sa wa gari harajin noma da na girbi, kuɗin fansa kuma ya cinye shanu da gona. Ma'aikacin lafiya ana sace shi don kuɗi, ana kuma sace shi don ya yi musu jinya.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Asibitin ƙauye da jarka yake sayen man janareto. Babu waya, ba ka kiran mota, ba ka kiran mai ba da jini, ba a turo maka kuɗin magani daga birni. An yi irin wannan katsewar a Borno da Yobe da Adamawa a 2013. Duk lokacin da za a sa irin wannan doka, ya kamata a ware wa asibitoci takardar izinin mai da babur mai lamba tun ranar farko.

Abin da ya fi damuna maganin zazzaɓin damina ne, wanda ake bi gida-gida a ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5, kwana uku a kowane wata, wata huɗu a jere. Kariyar kowane zagaye kusan kwana 28 ce. In hari ya hana zagayen Agusta ko Satumba, yaron ya shiga tsakiyar sauro tsirara. Gara a horar da matan garin su raba da kansu, a kai musu kayan tun Yuni. A bar musu kuma maganin artesunet na matsawa ta dubura, na yaron da ke jijjiga ko ya kasa sha. Ba ya warkarwa, lokaci yake saya kafin a kai asibiti, kuma dole a kai.

Mai Haɗa Magani:
Akwai waɗanda ba a ambata ba, masu shan magani kullum. Mai tarin fuka wata shida ne, biyun farko magani huɗu, huɗun baya magani biyu. Ya gudu a wata na uku, tari ya lafa, ya ɗauka ya warke. Bayan watanni ya dawo, wani lokacin da nau'in da ba ya jin magani, a ɗaki ɗaya da mutum goma. Mai cuta mai karya garkuwar jiki a sansani yana jin nauyin tambayar inda ake bayarwa don kowa ya san kowa. Mai farfaɗiya in ya yanke magani kwatsam, faɗuwar na dawowa da ƙarfi, kusa da murhu ko rijiya. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati yake buƙata, kuma da aka fasa turakun wutar Damaturu zuwa Maiduguri a Janairun 2021, birnin ya daɗe cikin duhu, injin wanki da na iskar numfashi da firjin jini duk suka koma kan dizal.

Abin da ke hannunmu: a wurin da ake zaman ɗar-ɗar, a ba mai magani na wata uku zuwa shida in dokar shirin ta yarda, maimakon wata-wata. A rubuta masa ƙaramin kati da ainihin sunan maganin, da ƙarfinsa, da ranar farawa, a naɗe a leda ya zauna a jikinsa, domin fayil na ƙonewa tare da asibiti, kuma "wata farar ƙwaya ƙarama" ba ta isa a ci gaba da jinya a wani gari ba.

Maman Hanifa:
Yaya, mai allurar ciwon suga fa, in babu firji kwata-kwata?

Mai Haɗa Magani:
Kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai sati huɗu ba firji, muddin rana ba ta taɓa ta ba. A sa ta a ƙaramin gwangwani mai murfi, a saka a tukunyar ƙasa da ke cikin wata babbar tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. A riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Kar kwalbar ta nutse a ruwa, takardar jikinta na gogewa kuma bakin robar na ɗaukar datti. A rubuta ranar da aka buɗe. Irin mai haske in ta yi gauraye, ko irin mai fari in ta yi gudaji ta ƙi haɗuwa bayan an murza ta a tafin hannu, a daina. Kuma ranar da babu abinci, haɗarin ya juya: allura cikakkiya a kan yunwa tana faɗar da sukari, ga gumi, ga rawar jiki, ga ruɗewa. Ya riƙa yawo da sukari ko dabino a aljihu, na kusa da shi su san alamun, kuma tun yanzu ya tambayi likitansa nawa zai rage a irin wannan rana. Mai nau'in da ke kama yara kuwa ba ya daina allurar gaba ɗaya ko da bai ci komai ba.